Turaren da Aka Dasa a Saman Idon Ruwa

Shekara biyu Abdulgani ya yi yana hawa tsaunukan Cameron na ƙasar Malesiya, yana haƙo ƙasa daga gindin bishiyoyin da aka dasa, ya kawo ta Kuala Lumpur a leda ya auna. Abu biyu yake nema a karatunsa na digiri na uku: yawan kabon da dashen daji ke zuƙa daga iska ya adana a ƙasa, da yawan ruwan da yake bar wa ƙasar.

Ranar wata Talata da hantsi sakamakon ya kammala. Kabon ya ƙaru, kamar yadda aka zata. Amma duk inda aka dasa itacen turare a cunkushe, ƙasar ta bushe har zurfin mita biyu. Malamar da ke duba aikinsa ta yaba masa. Shi kuwa ya rufe kwamfuta ya hau jirgin ƙasa zuwa gidansa da ke unguwar Setapak.

Matarsa Barira ta ajiye masa abinci, ya huce bai taɓa ba.

"Abban Fatiha, aikin ne ya lalace?"

"Aiki ya yi kyau. Gwaggo Daso nake tunani."

Shekara goma sha biyu da suka wuce, yana sabon ma'aikacin gandun daji a Gembu, kan tsaunin Mambila, shi ya kai wa ƙanen mahaifinsa, Baffa Halliru, irin turare dubu uku. Suka dasa a tudun da ke saman idon ruwan da duk unguwar ke ɗiba. Gwaggo Daso, yayar mahaifinsa, ta ce ta ji wannan itace shan ruwa gare shi. Ya yi mata dariya a gaban mutane, ya ce shi abin ya karanta. Yanzu rani uku ke nan idon na ƙafewa, tsohuwar na gangarawa rafi da jarka. Duk sanda ta faɗa masa a waya, sai ya ce sauyin yanayi ne.

"Ai ƙasar Malesiya ka auna, ba ta Mambila ba," in ji Barira.

"Haka ne. Amma tun bara na ga rabin sakamakon, jikina ya ba ni. Na yi shiru."

Da la'asar, lokacin da gari ya waye a Gembu, ya kira Baffa Halliru ya yi masa bayani dalla-dalla. Da ya gama, Baffa ya tambaye shi.

"Kai ka ce a dasa, yau kuma kai ka ce a sare?"

"Na kusa da idon kawai, Baffa. Layi shida."

"In na sare, ruwan zai dawo?"

"Ban sani ba. Yana iya ɗaukar shekaru."

Baffa ya ce da waɗannan itatuwa yake shirin rufa wa 'ya'yansa ɗakuna, amma zai duba. Ya miƙa wa Gwaggo Daso wayar. Abdulgani ya ce, "Gwaggo, ku kuka yi gaskiya tun farko. Ku yafe mini."

"Ban manta dariyar nan ba," ta ce, ba tare da faɗa ba. "Amma ya wuce. Fatiha ta fara jin Hausa kuwa?"

Bayan mako biyu Baffa ya turo hoton kututture. Layi biyu ya sare, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Damina ba ta sauka ba, don haka ba wanda ya san ko zai yi amfani.

A babin ƙarshe na kundinsa Abdulgani ya saka sakin layi ɗaya, cewa kada a dasa turare kusa da inda mutane ke ɗiban ruwa. Malamarsa ta soke shi da jan biro, ta ce bai auna wani idon ruwa ba. Ya san gaskiyarta. Sau uku yana sake rubuta shi, yana sassauta kalmomin, kafin ta yarda ya zauna a matsayin shawara.