Kalmar Shahada a Kunnen Sagir

Dakta Murjanatu ta yi furfura tana koyar da aikin jinya a Daura, kuma magana ɗaya ce ta hana ɗalibanta sakat: majinyaci ba buhun nama ba ne, yana da rai mai tsoro. A kan wannan ta yi digirinta na uku. Ta bi asibitocin ƙauye tana tambayar majinyata me suke so a ƙarshen rayuwarsu, akasari suka ce kada a bar su su cika babu mai laƙanta musu kalmar shahada. Abokan aikinta har tsokanarta suke yi, wai Limamiyar Nas-nas.

Ranar kasuwar Mai'adua ta je wani ƙaramin asibiti duba ɗalibarta Khairat, mai koyon aiki a can. Ana sallar azahar aka shigo da wani saurayi, Sagir, a kan ƙyauren shago. Bijimi ne ya ƙwace a kara, kasuwar shanu, ya soke shi a ciki, ya ɗaga shi sama, ya maka da ƙasa. Yayansa Ɗanbaba, dillalin shanu, yana biye da gora a hannu, rigarsa jage-jage da jini.

Murjanatu da Khairat suka danne raunin da auduga, suka ɗaura ƙarin ruwa, aka kira motar da za ta kai shi Daura. Murjanatu ta taɓa wuyan hannunsa, ta san motar ba za ta same shi da rai ba. Ta yi wa Khairat ido. Yarinyar ta sunkuya kusa da kunnensa.

"La'ilaha illallah. Sagir, faɗi."

Ɗanbaba ya yi wata irin ƙara. "Ke! Uban wa ya ce mutuwa zai yi? Allura na kawo shi ku yi masa, kuna yi masa sallama?"

Kafin a ankara ya finciko hijabin Khairat, ya wanke ta da mari har ta bugi bango. Ya kai wa sandar ƙarin ruwa duka, robar ta fashe, ruwa ya malale a ƙasa. Masu jinya suka watse da salati. Maigadin asibitin ma, da yake ta cika baki da safe, ta taga ya fita.

Ran Murjanatu ya ɓaci matuƙa. Ta sha gabansa. "Malam, aikinmu muke yi, ba mu daina ba. Amma ƙaninka tafiya yake. Kar ka hana shi..."

Gorar ta same ta a muƙamuƙi. Ta ji haƙoranta sun kakkarye, ta zube a kan tiren almakashi, komai ya tarwatse. Ya ƙara mata a kafaɗa. Ita kuwa ba dukan ne ya fi ci mata rai ba, numfashin Sagir take ji yana sarƙewa, kuma babu kowa a kansa.

Ta ja jiki ta kama ƙafar gadon ta miƙe. Ta buɗe baki za ta faɗi kalmar, jini kawai ya zubo, harshenta ya ƙi. Sai ta cakumi wuyan rigar Ɗanbaba da hannun da ya rage mata, ta jawo ƙaton nan, ta kifa fuskarsa a fuskar ƙaninsa. A lokacin ya ga idanun Sagir sun kafe a sama. Gorar ta faɗi.

"Sagir! Ƙanina! La'ilaha illallah. Ka ce, don Allah ka ce!"

Ɗanbaba ya faɗi kalmar, ya sake faɗa, muryarsa na karyewa. Murjanatu ta riƙe wuyan hannun yaron. Babu bugun jini. Tun tana ƙasa ya tafi, ko yanzu ne, ba ta sani ba, kuma duk bincikenta bai koya mata yadda za ta sani ba.

Ɗanbaba ya ɗago, hawaye da majina sun haɗe masa. Ya kalli bakinta da ya farfasa.

"Malama, ya ji kuwa? Don girman Allah ki gaya min, ya ji?"

Ta so ta zage shi. Ta so ta ce masa eh. Bakin da zai faɗi ko ɗaya daga ciki, shi ne Ɗanbaba ya farfasa. Ta miƙa hannu ta rufe idanun Sagir.