Hudar da ke Murfin Jarka

Halliru ya sake fizgar igiyar injin, injin ya yi tari ya yi shiru. Suna tsakiyar gulbi, ruwan damina ya cika ya tumbatsa, ja wur da laka, kuma ya fara karkatar da hancin jirgin yana jan su gangare.

A cikin jirgin Saude ce kwance kan tabarma, ƙafarta ta kumbura har gwiwa. Kububuwa ce ta sare ta da hantsi a bayan rugarsu wajen ɗibar itace. Hanyar babur ta yanke tun da ruwa ya cinye gadar katako, don haka mijinta Bello ya goyo ta zuwa mashaya, ya roƙi Halliru ya kai su Gummi, inda asibiti ke da allurar dafi. Kowa a jirgin ya san kububuwa ba ta ba mutum dogon wa'adi.

Makau, taubashin Halliru, dattijo mai baki kamar reza, shi ke gaba riƙe da filafili. Bai jira an ce masa komai ba ya shiga tuƙi don ya tsai da hancin jirgin, bakinsa kuma bai huta ba. Cewa yake tun bara ya ba da shawarar a kai wannan inji wa maƙera su yi fatanya da shi, ko banza a samu na noma.

Halliru ko a jikinsa. Injin ya girmi auren wasu, fentinsa ya koɗe, murfinsa da waya aka ɗaure, amma shi ya san halinsa kamar yunwar cikinsa. Mutum ne da ba ya rikicewa, wani lokaci har abin ya ba ka haushi. Ya zaro sifana daga aljihu, ya kwance fulogi, ya ga bakinsa a bushe, ya goge shi da gefen riga ya mayar. Ya matsa robar da ke tura mai, ya fizgi igiya. Injin ya ɗauka da rugugi.

“Ka ji shi ko, tsoho?” in ji Halliru. “Wanga inji ba ya kunyata ni gaban baƙi.”

Ba su yi nisan kirki ba muryar injin ta fara siracewa, ya yi kamar mai shaƙuwa, ya mutu.

Wannan karon Makau bai yi tsiya ba. Ya waiwayo ya dubi Saude, wadda ta tofar da yawu a gefen tabarma, yawun kuwa da jini a ciki. Bello na zaune a tsakiya kusa da jarkar fetur, sandarsa a kan cinya, idonsa a kan ruwa. Tun da suka taso bai dubi matarsa ba ko sau ɗaya, bai kuma ambaci sunanta ba. Wanda bai san Fulani ba sai ya ce bai damu ba. Amma hannuwansa sun kasa zama wuri ɗaya: ya gyara tabarma, ya kwashe ruwan da ya taru a ƙasan jirgi da ƙoƙo, ya shimfiɗa mayafinsa kan jarkar wai kada rana ta dake ta.

Zargin Halliru ya tafi kan fetur. A bakin hanya yake saye, cikin kwalabe, kuma da damina ba abin mamaki ba ne a haɗa maka da ruwa kyauta. Ya kwance 'yar ƙusar da ke gindin kafireta, inda mai ke taruwa kafin ya shiga injin, ya tara tafin hannu. Abin da ya ɗigo bai fi cikin cokali ba, ya shinshina, ya murza, fetur ne tsantsa ba ɗigon ruwa. To ashe ba mugun mai injin ke sha ba, man ne ba ya isowa. A nan ne abin ya ɗaure masa kai, don da hannunsa ya cika jarkar da safe, ya zuba mata baƙin mai daidai gwargwado.

Gulbin bai tsaya jiran bincikensa ba. Kukar da suke saiti da ita idan za su shiga mashayar Gummi ta fara komawa bayansu. In suka wuce ta, sai gaɓa mai tsayi da ƙaya, babu wurin sauka sai can ƙasa, inda ko mai lafiya sai ya yi tafiyar yini kafin ya ga babur. Makau yana tuƙi iya ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa sun fito, amma filafili ɗaya a hannun dattijo ba ya ja da gulbin Agusta.

Halliru ya kai hannu kan robar tura mai, ya ji ta lotse, ta ƙi komawa yadda take. Ya bi tiyo da yatsa, ba huda, ba lanƙwasa, har ya isa jarkar. Ya ɗage mayafin Bello. Jarkar ta motse, cikinta ya shige kamar na wanda ya kwana bai ci ba. A kan murfin kuwa, inda shi da kansa ya huda da ƙusa don iska ta riƙa shiga, an shimfiɗa farar leda an naɗe ta da tsinken roba, ɗauri mai kyau, irin wanda masu kai nono kasuwa ke yi wa jarka don kada ko ɗigo ya zuba a kan babur.

Ba sai an gaya masa ba. Jirgi na tangaɗi, fetur na ɗan tsatsowa ta hudar, Bello ya gani, ya ga dukiyar mutumin da ke taimakonsa tana zuba, ya toshe. Jarkar da ba ta shan iska kuwa ba ta ba da mai, ko da injin jiya aka sauke shi daga kwali.

Makau ma ya hango. Ya buɗe baki, ya cika ƙirji, kana ganinsa ka san wadda zai saki ba ta da daɗin ji. Halliru ya ɗaga ido ya dube shi kallo ɗaya. Tsohon ya haɗiye maganarsa ya koma kan filafili.

Halliru ya juya wa Bello baya, ya tsinke robar da farce, ya dunƙule ledar a hannu. Jarkar ta ja iska da ɗan huci, ta buɗe cikinta. Ya matsa robar mai har ta yi tauri, ya yi bisimilla, ya fizga. Injin ya tashi da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe bayan jirgin. Ya kwantar da shi kan ruwa ya tunkari gulbin a karkace, yana cin gaɓa kaɗan-kaɗan, har suka dawo saitin kukar suka shiga mashaya.

'Yan acaɓa na nan a bakin ruwa. Aka ɗora Saude a tsakiya, Bello ya riƙe ta ta baya, suka yi cikin gari. Halliru da Makau suka zauna a inuwa suna jira. Makau ya rama duk maganar da aka hana shi, ya ce garin gyaran gira saura ƙiris a rasa ido, kuma wajibi ne a faɗa wa mutumin don gobe. Halliru ya ce gobe daban, yau dai a bar shi da abin da ke kansa.

Bayan La'asar Bello ya dawo shi kaɗai. An yi mata allura, jinin ya tsaya, har ta nemi ruwa ta sha. Za a riƙe ta kwana biyu, shi zai koma ruga ya ɗauko innarta. Ya faɗi wannan duka yana kallon sandarsa. Halliru ya yi hamdala a fili.

Da suka shiga jirgi Bello ya duƙa ya leƙa murfin jarkar, ya girgiza kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da sabuwar leda a ninke, da tsinken roba.

“Mai jirgi, murhin ga naka ya huje,” ya ce. “Ɗazu na ɗamre maka shi, ga shi ya kwance. Ban da abin da zan saka maka da shi, bari ko wanga in gyara maka.”

Makau ya kama tari a gaban jirgi. Halliru ya miƙa hannu biyu ya karɓi ledar da robar kafin su kai ga murfin.

“Na gode, Malam Bello. Kawo nan, in mun isa gida ni ɗamre da kaina. Kai dai koma gaba wajen tsoho, nan baya hayaƙi ya yi yawa.”

Bello ya tashi ya koma gaba. Halliru ya sa ledar a aljihu tare da sifana, ya fizgi igiya.