Turakun Kwatar Ɗanbala

Mutanen Kwatar Ɗanbala asalinsu ba mutanen ruwa ba ne. Makiyaya ne da manoma, suna zaune a wani kwari tsakanin ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram. Shekarar da aka tare ƙoramar da ke ratsa gonakinsu, ruwa ya taru ya zama tafki, ya cinye fadama, ya raba su da kasuwar da suke ci a tsallake. Da yawa suka kaɗa shanunsu suka yi gaba. Ɗanbala shi ya ƙi tashi. Ya ba da bijimi aka ba shi kwale-kwale, ya koyi tuƙi bayan ya kife sau uku, ya fara fiton mutane ranar kasuwa. Da yake hannunsa da shanu ya saba, sai ya kafa turke a bakin ruwa ya riƙa ɗaure jirgin kamar maraƙi. Waɗanda suka biyo shi su ma suka yi haka. A hankali turaku suka kai goma sha huɗu, mata suka girka kaskon suyar kifi, mai shayi ya kawo teburinsa, wuri ya zama gari. Da Sallah samari da 'yan mata sukan zo daga Birnin Kudu da Kwandiko a zagaya da su cikin ruwa, su ɗauki hoto, su ci kifi, su koma.

Suna da ruwa, suna da kifi, baƙi ba sa yanke musu. Abin da suka rasa shi ne dakalin siminti da za a sauke kaya a kai ba tare da an tsoma ƙafa a taɓo ba. Ba su kuma da ko fallen takarda ɗaya da ya ce bakin ruwan nan nasu ne. Duk abin da aka sani game da garin yana cikin kan Baba Sada, ɗan Ɗanbala, wanda shi ne Sarkin Fito.

Baba Sada yana da jika mai suna Murja, 'yar shekara goma sha ɗaya, tana aji biyar a firamare. Ba wanda ya kai ta kyan rubutu a ajinsu. In an tashi daga makaranta, bakin ruwa take zarcewa ta tarar da shi a gindin turkensa yana toshe ɓular jirgi.

"Uwargida, yau ma ba tuwo?" ya kan ce. "Wannan aure namu biro kawai nake ci."

"To ka nemi wata mana, tsoho. Mu ga wadda za ta kula ka da haƙora huɗu."

"Biyar ne, ki ƙirga da kyau!"

A shekarar ne Yahuza ya dawo gida. Ɗan ƙanen Baba Sada ne, maraya, a gidan Baba Sada ya tashi, shi ya koya masa riƙon filafilin tuƙa jirgi. Murja Baffa take ce masa. Ya yi shekaru a birni, ya dawo a cikin mota tare da wani attajiri, Alhaji Maikuɗi, wanda ya sayi tudun da ke bayan kwata zai gina gidan shaƙatawa: ɗakunan kwana, lilon yara, da rumfunan shan iska. Mutane suka yi murna, don sun ce baƙi za su ƙaru.

Wata rana da la'asar Yahuza ya zo ya tsuguna gaban Baba Sada, ya gaishe shi, sannan ya fito da sabon littafin rubutu mai bango ja.

"Baba, Alhaji yana so a kafa allo a ƙofa, mai ɗauke da tarihin garin nan. Duk wanda ya zo ya karanta sunan Ɗanbala. Ni kuwa na ce ba mai ba da shi sai kai, ba mai rubuta shi sai 'yata Murja."

Ya miƙa mata littafin da biro biyu. Murja ta rungume su a ƙirji. Ba a taɓa ba ta aiki irin na manya ba.

Kwana tara suka yi suna wannan aiki, kullum tsakanin la'asar da magariba. Baba Sada ya faɗa, ita ta rubuta, in ya yi sauri ta ce, "Tsoho, ja birki." Ta rubuta shekarar da ruwa ya hau har gindin tsamiya, da ranar da aka ƙetare da amarya lefenta ya faɗa ruwa, da sunayen masu turaku goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya. A rana ta bakwai Yahuza ya zo ya zauna tare da su, ya kawo wa Baba Sada goro.

"Baba, wai me ya sa ba a taɓa faɗa a kan wurin ɗaure jirgi ba?"

"Saboda dokar turke," in ji Baba Sada. "Daga ruga muka zo da ita. Makiyayi in zai bar mashekari, turakunsa yake tugewa. Wanda ya zo ya tarar ba turke, ya san an tashi, sai ya sauka. To haka nan ma. Muddin turkenka na ƙasa, ko shekara goma ka yi ba ka nan, wurinka ne. In ruwa ya tafi da shi, ko wani ya cire maka, har yanzu naka ne. Amma in ka tuge da hannunka, ka sallama ke nan. Rubuta, uwargida."

Murja ta rubuta, ta gyara wasullan da kyau, don ta ji maganar tana da nauyi. Da aka gama, Yahuza ya karɓi littafin ya ce zai kai a buga.

Bayan wata biyu, ginin Alhaji ya kusa kammala, Yahuza ya tara masu fito da hantsi a bakin ruwa. Ranar Asabar ce, ba makaranta, Murja na wurin.

"Albishirinku," ya ce. "Na roƙi Alhaji ya yarda zai zuba mana dakalin siminti daga nan har can, da zobban ƙarfe na ɗaure jirgi. Tirela za ta kawo yashi jibi. Sai dai a share wurin. Kowa ya cire turkensa ya matsa can lungun ƙaiƙayi na kwana uku kawai, a gama a dawo."

Hambali, wani mai fito da bakinsa ba ya shiru, ya karkata hula.

"Yahuza, mai kuɗi ya yi kyautar siminti haka kawai? Ni fa ko surukina bai taɓa ba ni bulo ɗaya ba."

Aka yi dariya.

"Kai Hambali, surukinka ai gudunka yake. Baƙin Alhaji ne za su hau jiragenku, yana so su shiga da farar shadda su fito da ita fara."

"To su leburorin su cire mana, me zai sa mu wahala?"

"Leburorin birni? Su karya muku turakun da kakanninku suka sassaƙa? Gara kowa ya ɗauki nasa ya adana."

Masu fito suka juya suna kallon Baba Sada. Shi kuwa ya dubi Yahuza, yaron da ya goya a jirgi, ya ce, "Ɗan gida ne ya zo da magana. Dakalin nan tun Ɗanbala na da rai muke fatansa." Ya naɗe hannun riga, ya kama turkensa na ƙirya wanda igiya ta yi wa wuya, ya girgiza shi gaba da baya har ƙasa ta sake shi. Murja ta taya shi ɗauka. Kafin azahar duk goma sha huɗun sun fita, an ja jirage zuwa lungun da ake kira ƙaiƙayi, wuri mai ciyawa da taɓo, tafiyar rabin awa daga hanya. Yahuza yana tsaye yana ɗaukar su hoto da waya, ya ce na tarihi ne.

Jibin ya zo, tirela ta zo. Ba yashi ta sauke ba. Leburori suka haƙa ramuka, suka kafa ƙarafa, suka ja waya mai ƙaya daga katangar Alhaji har cikin ruwa, ta dama da ta hagu. Da Hambali ya tuƙo jirginsa zai shiga, wani mai gadi ya ɗaga masa sanda.

Aka kai ƙara wurin mai gari. Zauren ya cika har waje. Yara ba sa shiga irin wannan zama, amma Murja ta tsaya ta jikin taga inda take ganin komai. Alhaji Maikuɗi bai zo ba, Yahuza ya wakilce shi. Ya ce Alhaji ya nemi izinin bakin ruwan a hukumance bisa cewa fili ne da ba mai shi, an kuma ce za a ba shi in gari ya shaida haka.

"Ba mai shi?" in ji Hambali. "Mu aljanu ne?"

Yahuza bai dube shi ba. Ya buɗe jaka ya fito da littafi mai bango ja. Murja ta gane littafinta ne. Ya buɗe, ya karanta a hankali, kalma bayan kalma, yadda ta rubuta: in ka tuge da hannunka, ka sallama ke nan. Sannan ya miƙa wa mai gari wayarsa ya ga hotuna.

Mai gari ya daɗe yana kallo. Tsoho ne shi ma, tare suka yi ƙuruciya da Baba Sada.

"Sada, wannan maganarka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Haka dokar take?"

"Haka take. Da ita na raba Rabi'u da ƙanensa bara waccan."

"Turken naka, wa ya cire?"

Hambali ya yi caraf ya ce, "A ce yaudararmu aka yi! An ce kwana uku!"

"An ce kwana uku," in ji Baba Sada. "Amma tambayar da aka yi mini ita ce wa ya cire. Ni na cire. Da hannun nan."

"Dokar ta yi zancen kwana uku?" Yahuza ya tambaya, idonsa a kan tabarma.

Baba Sada ya dube shi.

"Ba ta yi ba, Yahuza. Ba mu taɓa bukatar ta yi ba."

Mai gari ya ce zai kai maganar gaba, ya kuma roƙi a yi haƙuri. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: bakin ruwa ya tafi.

Aka ci gaba da fito daga lungun ƙaiƙayi. Masu kaya suka rage zuwa, don ba mai son ɗaukar buhun masara rabin awa a ka. Mata uku suka kwashe kaskonsu. Mai shayi ya koma bakin titi. Baba Sada ya jingine turkensa a bayan ɗaki, bai kafa shi a sabon wurin ba, jikin wani kututture yake ɗaure jirgi.

Murja ta daina zuwa bakin ruwa. Da ya ga kwana huɗu bai gan ta ba, ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Uwargida, yaji kika yi?"

Ba ta yi dariya ba. "Ni na rubuta, Baba. Da ban rubuta ba, da ba shi da abin karantawa."

Ya zauna a kan turmi kusa da ita. "Kin ƙara wani abu a kan abin da na faɗa?"

"A'a."

"Kin rage?"

"A'a."

"To aikinki ya yi kyau. Ko yau aka ce in sake faɗa, haka zan faɗa, ke kuma haka za ki rubuta."

"Amma Baffa," ta ce, "wataƙila shi ma Alhaji ne ya yaudare shi. Wataƙila da gaske ya ɗauka siminti za a zuba, daga baya aka tilasta shi."

Baba Sada ya ɗebi shinkafa ya zuba, ya sake ɗiba. "Allah ya sa haka ne," ya ce.

Wannan tunani ta riƙe har mako biyu. Ranar wata Juma'a da aka tashi makaranta da wuri, ta bi ta ƙofar gidan shaƙatawa don ta tambayi Baffa da bakinta, ta kuma karɓi littafinta. An yi fenti, an shuka furanni. A gefen ƙofa ga allon nan an kafa, babba, da harufa masu sheƙi. Ta tsaya ta karanta. Abin da ta rubuta ne, har da amaryar da lefenta ya faɗa ruwa. Sunayen masu turaku ne babu. A ƙasa an ƙara layi ɗaya wanda ba ita ta rubuta ba, cewa a bana masu fito sun bar wurin don raɗin kansu.

Mai gadin, wani baƙo mai fara'a, ya leƙo daga rumfarsa.

"'Yan mata, an iya karatu ke nan?"

"Ina wuni, Malam. Baffa Yahuza nake nema."

"Manaja? Ya tafi masallaci. Ki matsa daga jikin wayar nan kada ta yage miki hijabi, kaifi gare ta. Ni na san ta, wata biyu na yi ina gadinta a sito tun kafin a kafa."

Murja ta juyo. "Wata biyu?"

"Har da 'yan kwanaki. Manaja da kansa ya je Kano ya auno ta. Ya zo da igiya ya gwada bakin ruwan nan tun jiragenku na ɗaure a wurin, ni na riƙe masa ɗaya bakin. Mutum ne mai tsari, ba ya aiki da ka."

"Simintin dakali fa? Shi ma yana sito?"

"Wane dakali?"

Ta yi masa godiya, ba ta jira an sauko daga masallaci ba. Ta bi hanyar ƙaiƙayi a hankali, jakarta a baya, tana lissafa kwanakin da yatsu. Wata biyu da 'yan kwanaki kafin a kafa waya, lokacin tana tsakiyar rubutu ne, tun kafin ranar da ya zo da goro ya yi tambayarsa.

A nan Murja ta gane cewa ba wanda ya yaudari Baffa Yahuza. Ya san dokar turke tun yana yaro, ya san Baba Sada ba zai yi ƙarya a gaban mai gari ba, kuma da wannan sanin ya zo ya tsuguna ya gaishe shi.