Turun Kabo

Masu rufi na ta lugude a kan sabon kwanon Jafaru sai maƙwabcinsa Kabo ya fito a guje, ya rungume Jafaru ya maka shi da ƙasa, yana ihun a kwanta, jirgi ya zo. Hannun Jafaru ya karye, rigar da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka ɗinka ta sha turɓaya.

Tun da Kabo ya dawo Daura daga yaƙin basasa unguwa ke raɗa wa ciwonsa suna. Wasu su ce iska, wasu wiwin bariki, 'yan dariya su ce ragwanci ne ke sa soja rarrafe ƙarƙashin rumbu in ƙofa ta bugu. Matarsa Zinariya kaɗai ke cewa firgita ce. Mijinta na noma, yana sallah a kan lokaci, ƙara ce kawai ba ya so. Wanda duk ya ce hauka sai ta wanke shi tas.

Mai unguwa ya kira ta zaure ya shimfiɗa mata zance. Mai hankali in ya karya mutum, gidan yari ne. Mahaukaci ba a shari'a da shi, turu ake sa ƙafarsa a gida. Firgita kuwa alƙali bai san ta ba.

"To, wanne ne?"

Kabo na tsugune yana kallonta. Ta hango shi a gidan yari, inda ƙofofin ƙarfe ke bugawa dare da rana.

"Hauka ne, ranka ya daɗe."

Da kansa Kabo ya miƙa ƙafa.

Aka kafa turun jikin katangar Jafaru, wai nan ne inuwa. Rufi bai tsaya ba, mai sabon kuɗi ba ya jiran lafiyar maƙwabci. Guduma na sauka Kabo ya zabura zuwa rumbu, itace ya fizgo shi. Idon sawu ya saɓule, ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga. Zinariya ta je tana kuka a kwance shi, aka ce ai da bakinta ta faɗa. Ya daina cin tuwonta, ya daina kallonta. Ran da aka buga ƙusar ƙarshe bai ko motsa ba.

Jafaru ya zo gaisuwar mutuwa da hannu a ɗaure, ya ce wa Zinariya ta gode Allah, ai mahaukaci an ɗauke masa alƙalami, Aljanna kyauta. Mata suka amsa da amin.

Da la'asar ruwa ya sauko yana kiɗa a kan kwanon. Zinariya ta leƙa ƙarƙashin rumbu. Gurbin da jikin Kabo ya haƙa yana nan, kaza ta kwanta a ciki.