Jinin Tsinke

Tsohon kafinta yana da wani dogon benci a ƙofar shagonsa, ƙirar hannunsa, kuma dokar bencin ɗaya ce: ba mai hawa sai jininsa. 'Ya'yansa biyar su baje a kai. Mijin autarsa kuwa, wani siririn mai gyaran agogo da tsohon ke kira Tsinke, shekara shida ke nan a kan gwangwanin fenti yake zama, yana murmushi abinsa.

Da likita ya ce za a yi wa tsohon tiyata a ƙugu jibi, amma sai an kawo jini leda ɗaya don irin nasa ya ƙare a asibitin, tsohon ko a jikinsa. Mai 'ya'ya biyar majiya ƙarfi? Ya tasa su a gaba, su da uwarsu, har ɗakin awo, yana ɗingishi yana cika baki, ya ce wa mai awon jinin ta zaɓi wanda ta ga dama.

Sakamako ya fito: uku A, biyu B, shi kuwa O. Ba wanda zai iya ba shi ko ɗigo. Tsoro ya ji na gaske, don in aka ɗaga aikin, Allah kaɗai ya san ranar da zai sake tsayawa gaban katako.

Mai awon ta karɓi katin matarsa ta duba, ta yi dariya. Ta ce kowane ɗa rabi yake ɗauka wurin uba, rabi wurin uwa. Matarsa AB ce, don haka kowannensu ya ɗauko A ko B daga gare ta, O ɗinsa kuma yana nan a jikinsu, ya laɓe a baya. Mai O kowa yake ba jini, amma shi ba ya karɓa sai na mai O irinsa.

"Ashe duk nawa ne," in ji matar tsohon, tana gyara zama. "Shekara arba'in ana mini gori."

Ana cikin haka Tsinke, wanda aka bari a baranda yana gadin takalma, ya leƙo a ladabce. "Baba, ni ma O ne. In ba za ka damu ba."

Kunya ta kama tsohon, daɗi kuma ya fi kunyar.

Bayan wata guda ya dawo shago da sanda. Ya sa aka jefar da gwangwanin fentin, ya daki tsakiyar benci ya ce Tsinke ya zo ya zauna. Babban ɗansa ya tuna masa da doka, don tsokana.

"Dokar tana nan," in ji tsohon. "Ku jinina ne, na yarda. Ni kuma yanzu jinin Tsinke ne. Matsa wa ubangidanka."