Daga Ƙarfe Takwas Zuwa Ɗaya

A bugu na uku ne Tabita ta ajiye fensirinta.

"Mama, Kaka ne fa yake buga kwano."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni," in ji Naliaka, ba ta ko juyo daga jikin allo ba. "Uku bisa huɗu a cire ɗaya bisa takwas. Ke nake jira."

"Amma yau bai ce komai ba."

"To mun gode Allah. Ɗauki fensirinki."

Ɗakin karatun nasu tsohon sito ne a bayan gida, tagarsa na kallon shingen kwanon da ya raba su da maƙwabcinsu Mwalimu Khaemba, wato Malam Khaemba a yaren garin, wanda yaran ke kira Kaka. Shekara talatin ya yi yana shugabancin makarantar firamare a nan gefen Kitale kafin ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aiki a Mombasa, ya rage daga shi sai sandarsa sai bakinsa. Tun ranar da Naliaka da mijinta Situma suka cire 'ya'yansu mata biyu daga makaranta, suka ce a gida za su koyar da su cikin tsoron Ubangiji, Mwalimu ya samu sabon aiki ba tare da an ɗauke shi ba. Kullum da safe zai jawo kujera gindin shinge ya kasa kunne. Da ƙaramar, Keziya, ta yi tuntuɓe a lissafi, sai ka ji kwam, kwam, kwam, sannan murya ta biyo baya: "Bakwai sau takwas hamsin da shida ne! Maman Tabita, in alli ya fi ƙarfinki ki koma kan tukunya mana!"

Da can Naliaka kan mayar masa ta taga, a yi dariya a wuce. Amma a makon jiya ya wuce gona da iri. Ya zura wa Tabita takardar jarrabawar gwamnati ta ƙarƙashin shinge, wai ta amsa ya gani ko uwarta na cutarta, ya kuma ce da ƙafarsa zai je ofishin ilimi. "Yara ba kaji ba ne da za a kulle su a akurki," in ji shi, da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

Dokar gidan kuwa dama tana nan a manne bayan ƙofa da rubutun Situma: daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya ƙofa a kulle, waya a kashe, ba a amsa kowa. Ba mugunta ce ta kawo ta ba. Unguwa ce da in an ga mace a gida, to ba ta da aikin yi ke nan. Wannan ta zo aron gishiri ta kwashe awa guda, waccan ta ajiye jinjiri ta ce yanzu za ta dawo, sai la'asar. Mwalimu kaɗai dokar ba ta taɓa hawa kansa ba, sai wannan Talatar da Naliaka ta tashi da niyyar nuna masa shi ma ba a fi ƙarfinsa ba.

Aka sake bugawa sau ɗaya, a hankali, can ƙasa kusa da turɓaya, ba inda ya saba bugawa ba. Tabita ta yunƙura za ta miƙe.

"Zauna. Neman magana yake yi, ni kuma yau ba ni da ita."

Yarinyar ta zauna. Agogon bango ya nuna tara da rabi. Suka gama lissafi, suka yi karatun Littafi Mai Tsarki, suka sha shayi, suka yi Turanci.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci Naliaka ta fita kwashe shanya, sai ta hango yatsu huɗu a ƙarƙashin kwanon. Ba ta san yadda ta zagaya ta shiga gidan Mwalimu ba. Yana kwance a kan gefensa, kujerar ta kife, rana ta yi awa uku da rabi tana dukansa. Bakinsa ya karkace, wandonsa ya jiƙe ya bushe, tururuwa na bin hannunsa. Idonsa a buɗe yake, kuma ita yake kallo. Ihun da ta yi ne ya fito da mutanen layin, aka sa shi a bayan motar wani mai sayar da madara aka nufi asibiti.

Likitar matashiya ce, gajiya a fuskarta. "Ƙarfe nawa ya faɗi?"

"Ban sani ba," in ji Naliaka. "Ƙarfe ɗaya na same shi."

"Irin wannan shanyewar jiki, sa'o'in farko su ne komai. Da da safe aka kawo shi, da wata maganar muke yi."

Da yamma, bayan yara sun tashi daga kan tuwon masara da ganye, Naliaka ta faɗa wa Situma duk abin da ya faru. Mutum ne mai sanyin hali, kanikanci yake yi, ya saba da a kawo masa abin da ya lalace ya gyara. Ya daɗe yana juya kofi a hannunsa.

"Ba ke kika kayar da shi ba, Maman Tabita."

"Ni na ƙi buɗe taga."

"Wa ya sani?"

"Tabita."

"Yarinya ce, za ta manta. Ke kin san bakin mutanen nan. Gobe za a ce ga masu tsoron Allah a cikin gida, sun kulle ƙofa maƙwabci na mutuwa. Dama dalili ake nema a ce mu mayar da yaran makaranta. Shekara huɗu muna gina abin nan. Ban ce ki yi ƙarya ba, cewa na yi ki yi shiru."

Ta yi shirun. Sai dai Tabita, mai shekara goma sha biyu, ba ta manta ba. Washegari a sujadar safe Naliaka ta yi addu'a Ubangiji ya taɓa Mwalimu ya warkar da shi, Keziya ta ce amin, Situma ya ce amin, Tabita ba ta ce ba. Ba ta yi rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Aiki tana yi, kira tana amsawa, "To, Mama," amma ta daina kallon fuskar uwarta. In Naliaka ta sunkuyo duba littafinta, sai ta janye kafaɗa kaɗan. Wannan abin ya fi ci wa Naliaka rai fiye da maganar likita. Ita ce uwa, ita ce malama, ita ce mai bayyana aya, yarinyar ba ta da wani babban da take kallo duk tsawon yini sai ita.

A kwana na uku ta kai kunun gero asibiti. Khakasa, 'yar Mwalimu, ta iso daga Mombasa, doguwa mai irin goshin ubanta. Ta kama hannun Naliaka da hannu biyu.

"Maman Tabita, ban san da wane baki zan gode miki ba. Ba don ke ba, da a gindin shingen nan zai ƙare shi kaɗai. Kullum a waya sai ya ba ni labarinku. Ya ce babbar 'yarki ta fi duk yaran da ya koyar ƙwaƙwalwa, wai kada in faɗa miki, kanki zai kumbura."

Naliaka ta ce ba komai, yi wa kai ne. Da Khakasa ta fita karɓo magani, ta jawo kujera kusa da gado. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ga shi an sa masa robar abinci ta hanci, miyau na zuba ta gefe ɗaya. Ta goge masa da gefen zanenta.

"Mwalimu," ta ce a hankali, "na ji ka. Duk sau huɗun na ji."

Ido ɗaya ya juyo ya tsaya a kanta. Ta jira ko zai lumshe, ko zai kawar, ko wani abu da za ta riƙe ta ce yafiya ce ko fushi. Bai yi ko ɗaya ba. Har yau ba ta san ko ya gane abin da ta ce ba. Ranar Asabar da hantsi ya cika, Khakasa na gefensa.

A wajensu ba a binne mutum sai an faɗi yadda ya tafi. Bayan an karanta tarihin rayuwarsa, wanda ya ga farkon ciwon zai miƙe gaban jama'a ya ba da labari daki-daki, don kada wani ya koma gida yana raɗar an sa guba ko an yi jifa. Khakasa ta shigo gidansu ranar Alhamis ta ce, "Maman Tabita, ke za ki yi mana wannan. Ke kika same shi." Ba a cewa a'a ga irin wannan roƙo. Situma ya yagi takarda daga littafin yara ya rubuta mata jimla huɗu: ta fita kwashe shanya ƙarfe ɗaya, ta hango hannunsa, ta kira maƙwabta, an kai shi asibiti. Ya karanta mata sau biyu.

"Nuna min ƙarya ɗaya a ciki," ya ce.

Babu ko ɗaya. Tabita tana bakin ƙofa tana tsince wake, kanta a sunkuye.

Ranar jana'iza gidan Mwalimu ya cika har kan hanya. An kafa rumfa biyu, an haƙa kabari bayan ɗaki kusa da na matarsa. Tsofaffin ɗalibansa, wasu da furfura, suka riƙa miƙewa suna ba da labarin bulalarsa ana dariya ana share hawaye. Sai fasto ya ce maƙwabciyarsa za ta faɗa wa jama'a yadda ciwon ya fara.

Naliaka ta karɓi abin magana, ta buɗe takardar. "Ranar Talata, ƙarfe ɗaya na rana, na fita kwashe shanya," ta karanta. Ta ɗago kai don ta ja numfashi. Can ƙarshen rumfa, cikin 'yan matan da aka ba butocin zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, Tabita ta ajiye butarta ta juya baya, ta fara tafiya za ta fita daga gidan. Ba gudu take yi ba. Tafiya ce ta wadda ta riga ta san abin da za a ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Naliaka ta ninke takardar.

"Ba daga nan ya fara ba," ta ce. Muryarta ta fito ta lasifika da ƙarfin da ya ba ta tsoro. "Ƙarfe tara da rabi Mwalimu ya buga kwano. Sau uku, sannan sau ɗaya. Ina ɗakin karatu, tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. 'Yata ta ce mini Kaka ne, kuma yau bai yi magana ba. Ta tashi za ta duba, na ce ta zauna. Muna da doka ba ma amsa kowa sai ƙarfe ɗaya, amma ba dokar ce ta hana ni ba. Fushi nake yi da shi. Likita ta ce da an kawo shi da safe, da wataƙila yana raye. Ta tambaye ni ƙarfe nawa ya faɗi, na ce ban sani ba. Na sani. Khakasa, kin gode mini, na karɓa, ban cancanta ba."

Sai wata tsohuwa ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Makarantar tsoron Allah ke nan." Guna-guni ya tashi. Situma ya dafe goshi yana kallon takalminsa. Khakasa ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, ta dai zuba wa Naliaka ido har fasto ya zo ya zare abin maganar daga hannunta ya ɗaga waƙa.

Aka sauke akwatin, aka zuba ƙasa. Da aka fara raba abinci Naliaka ta ɗauki butar shayi ta bi layin dangi kamar yadda aka tsara tun jiya. Da ta iso kan Khakasa, sai Khakasa ta ɗora tafin hannu ta rufe bakin kofinta, tana kallon wani wuri. Naliaka ta wuce na gaba.

A bayan gida matan layin suna wanke-wanke a da'ira, suna ganinta hira ta mutu, kuma ba wadda ta gusa ta ba ta wuri. Ta jawo babbar tukunyar wake da kowa ke gudu, gindinta ya yi baƙi ƙirin, ta kai ta can gefe kusa da tulin itace. Ta ɗebi toka ta durƙusa ta fara gurza. Hawayen da suka ƙi zuwa kwana goma sha ɗaya suka zo yanzu, ba ta da hannun share su.

Wani ya durƙusa a ɗaya gefen tukunyar. Tabita ce, ta naɗe hannun farar rigarta ta coci har gwiwar hannu.

"Za ki ɓata rigarki," in ji Naliaka.

"Karkato ta nan, Mama, ta wajena ya fi kamawa."

Ta karkato. Yarinyar ta ɗebi toka daga tafin uwarta, suka ci gaba da gurza, baƙin ruwa na gangarawa tsakanin ƙafafunsu yana shigewa ƙarƙashin itacen.