Ƙaho a Jikin Magarya

Ina shan shayi a bakin siton da nake gadi a Khumra, sai ga Zaharadden ɗan ƙanwata ya taka birki a gabana. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kawu, gwanki ya fita."

"Wane irin gwanki kuma a Jidda?"

"Na kafilina, Hamad. Wallahi ya khali, na shiga uku."

A nan aka haifi Zaharadden, Hausarsa rabi Larabci ce: ya khali kawu ke nan, kafili kuma ubangidan da ya tsaya maka wajen takardun zama. Ya daɗe yana kula da istirahar Hamad, wato gidan gonar da yake zuwa hutawa a bayan gari, inda yake tara namun daji yadda wasu ke tara motoci. Da safe ya buɗe ƙofar shinge zai shigar da ciyawa, waya ta yi ƙara, ya waiga, namijin ya bi ta gefensa ya fice. Yanzu yana cikin wani kwari mai sarƙaƙiyar ƙaya, bayan kwarin kuma babban titi ne da tireloli ke gudu. Hamad ya ce zai zo bayan la'asar, in bai tarar da dabbarsa ba, halas, ba aiki ba iƙama, wato takardar zama a ƙasar. Ga Zaharadden da mata da 'ya'ya, kuma bai taɓa taka Najeriya ba balle ya san inda zai sauka.

"Kun bi shi?"

"Da mota. Duk sanda muka matsa sai ya ƙara yin wajen titi."

"To kada wanda ya sake matsawa. Matansa fa?"

"Suna ciki."

Na ajiye kofi na ce yalla.

Kafin in zo hajji in zauna, farauta nake yi a dazukan Birnin Gwari. Namijin gwanki ba ka jawo shi da abinci, in dai ya tsorata. Amma ya ji wani namiji yana gurzar itace da ƙaho kusa da matansa, shi ke nan, hankalinsa ya gushe, sai ya zo ya ga ɗan wane ne. Saboda haka mukan riƙe busasshen ƙaho mu goga a jikin itace, mu kakkarya rassa, mu daki ƙasa, sannan mu yi tsit. Ƙarar tana tayar masa da zuciya, shirun kuma ya hana shi zama.

Da muka isa na leƙa falon Hamad, na hango ƙahonin gwanki biyu rataye a bango, an goge su suna ƙyalli. Na hau kujera na sauko da su.

"Haram alaik, Kawu, waɗannan na ado ne!"

"Iƙamarka ma ta ado ce?"

Muka kora matan cikin ƙaramin shinge na ciki muka kulle, muka wangale babbar ƙofa. Akwai wata magarya a cikin babban shingen, dab da katanga. Na ɗebi yashi na watsa, na ga iska daga kwarin take tahowa, alhamdulillahi, ba za ta kai masa warina ba. Duk da haka na shafa kashin garken a rigata. Zaharadden ya toshe hanci.

"Ka ɓuya bayan tankin ruwa," na ce masa. "Da ya shigo ka rufe ƙofa. Kada ka jira komai, kada ka jira kowa."

Na durƙusa a gindin magarya na fara gurza. Hannu ya tsufa, amma bai manta ba. Na goga sama, na goga ƙasa, na fizgi reshe ya karye, na tsaya. Shiru. Rana ta ɗaga, gumi yana shigar mini ido. Na sake, wannan karon da ƙarfi, har ɓawon itacen yana faɗo mini a ka. Daga bayan tanki na ji raɗa:

"Kawu, ma fi faida, ba amfani. Mu koma da mota."

Na nuna masa ƙaho, ya mai da kansa bayan tanki. Can ɗaya daga cikin matan ta ɗaga kai ta yi huci, ta kafe kunnuwa wajen kwarin. Da na ga haka na san maigidansu yana tafe.

Sai ga shi. Ya fito daga ƙaya yana taku ɗai-ɗai, wuya a sanƙare, gashin ƙeya a miƙe, fuskar nan baƙi da fari kamar an zana. Ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina. Na ɗan taɓa itacen da ƙaho, kaɗan kawai. Ya shigo da gudu. Ƙofa ta ce garam a bayansa.

Na kai hannun dama ƙasa in ɗauki bindiga, na damƙo yashi.

A daji nan aikin yake ƙarewa: ya zo, ka harba. Duk tsarin da na yi tun daga Khumra, ban taɓa tunanin abin da zai biyo bayan zuwansa ba, don a wurinmu ba abin da ke biyowa sai fiɗa. Ga ni a kulle da shi, riƙe da ƙahonin abokin gabarsa a hannun hagu, ina warin garkensa.

Ya sunkuyar da kai. Na wurga ƙahonin can gefe iya ƙarfina, ya bi su. Ni kuwa ban san lokacin da na hau magaryar nan ba. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga sallah, sai ga ni a kan reshe, ƙaya ta riƙe ni ta ko'ina.

"Kawu! Ya Allah, Kawu, kana da rai?"

"Uban wa ya ce ka rufe da ni a ciki?"

"Kai ka ce kada in jira kowa!"

"To ni kowa ne?"

Gwanki ya yi ta tunkuyar ƙahonin yana mirgina su a ƙasa har ya gamsu ya yi nasara. Sannan ya taka zuwa shingen matansa, ya tsaya yana huci kamar bai taɓa fita ba.

Zaharadden ya kawo tsani ta bayan katanga ya sauko da ni. Muka zauna a inuwar tanki, yana cire mini ƙaya daga baya, yana dariya hawaye na zuba. Ni ma na taya shi. Ya ciro waya ya kira matarsa.

"Mubina, halas, ya dawo. Wallahi ya dawo, ga shi ina kallonsa. Ki daina kuka, ki ɗora abinci, da Kawu zan taho." Ya saurara, ya dube ni, ya ƙara da cewa, "A'a, sai ya yi wanka tukuna."